Ƙwayoyin da ke Danne Garkuwa a Tarin Fuka da Ɓarnar Sha-ka-fashe

Garkuwar jikin ɗan Adam ba mayaƙa kaɗai ta ƙunsa ba. Akwai ƙwayoyin da aikinsu shi ne tsawatar wa sauran idan faɗa ya yi tsanani, don kada jiki ya cinye kansa. Iri biyu ne suka fi jan hankalin masu binciken tarin fuka. Na farko ƙwayoyin Tireg, waɗanda Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana a 1995, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell. Na biyu ƙwayoyin MDSC, masu fitowa daga ɓargo tun ba su gama nuna ba.

Ƙwayar cutar tarin fuka ta iya cin moriyar wannan tsari. Idan ta sauka a huhu makurofaj, ɗaya daga mayaƙan garkuwa, ya haɗiye ta, sai ta hana shi narkar da ita. Jiki kuma ya kewaye wurin da dunƙulen giranuloma, a yi zaman doya da manja na shekaru. Shi ya sa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar, amma 5 zuwa 10 cikin 100 ne ciwon ke tasar wa. A inda ya tashi, Tireg kan taru suna zubo sinadaran IL-10 da TGF-beta masu sanyaya gwiwar mayaƙan ƙwayoyin T. Su kuwa MDSC sukan cinye arjinin ɗin da ƙwayoyin T ke bukata kafin su hayayyafa. A 2013 masu bincike na jami'ar Stellenbosch a Afirka ta Kudu suka nuna cewa MDSC sun yawaita a jinin masu tarin fuka, kuma suna raguwa bayan an warke. A jikin ɓeraye an ma tarar da ƙwayar cutar zaune a cikinsu.

Ke nan mai tarin fuka yakan zo asibiti ne garkuwarsa a danne. Abin takaicin shi ne abin da ake ɗora masa kafin ya iso.

An kawo wata matashiya ranga-ranga, wata biyu kafin bikinta. Tari ya kama ta tun damina, da zazzaɓin yamma da zufar dare, ga rama. Ramar ce ta tayar wa gida hankali, tarin kuwa aka ce sanyi ne. Wata ƙawar uwarta ta kai su wurin wani mai kemis, wanda bai ga yarinyar ba ballantana ya nemi a gwada kakinta. Ya ƙulla musu haɗi a leda: sifiro saboda tarin, da sha-ka-fashe don ta ciko kafin biki. Sha-ka-fashen deksametazon ne tsagwaronsa, mai ƙara danne garkuwa, safe da dare, fiye da wata biyu.

Da farko abu ya yi kamar ya karɓe ta. Zazzaɓi ya kwanta, cin abinci ya buɗe, kumatu suka fito, har 'yan uwa na sa wa mai kemis albarka. Ranar da aka kwantar da ita fuskarta a kumbure take tana sheƙi, amma da aka ɗaga zane cinyoyinta ƙashi da fata ne, harshenta fari fat da naman gwari. Hoton ƙirji ya fito da ɗige-ɗige birjik a huhu biyu kamar an watsa gero. Tana ciwon kai tana amai, wuya ya sanƙare, ruwan da aka ɗebo daga bayanta ya tabbatar ƙwayar ta kai ƙwaƙwalwa. Uwar ta zazzage ledar maganin a kan gado tana cewa ai ƙiba kawai suka nema mata. Ta rayu, amma ɓarin jikinta na hagu bai dawo ba. Gwajin GeneXpert da zai gano ciwon tun farko kyauta ake yin sa a cibiyoyin DOTS na Najeriya, maganin ma kyauta.

Tarin da ya wuce mako biyu a gwada kaki. Rama tare da tari ba ta ƙiba ba ce. Mai kemis ba likita ba ne, kuma wanda ya ba mai tari deksametazon ba gwaji ya ɗauki alhakin rai. Sifiro ma ba ƙaramar ɓarna yake yi ba, yana lafar da alamu ya jinkirta gano ciwon, ya kuma koya wa ƙwayar jure dangin magungunan da ake tanada domin tarin da ya gagara. A gwada kaki, ko da mutum ya ji sauƙi.

Kada a ɗauka kawar da masu tsawatarwa shi ne waraka. Ɓerayen da aka cire wa PD-1, wani birkin ƙwayoyin T, sun fi saurin mutuwa da tarin fuka saboda kumburi ya lalata musu huhu, kuma an ga ciwon ya tashi a jikin wasu masu kansa da ke karɓar magungunan toshe PD-1. Ita kanta matashiyar an ci gaba da ba ta deksametazon a asibiti, domin gwajin da aka yi a Biyetnam, aka wallafa a 2004, ya nuna yana rage mace-mace a tarin fuka na ƙwaƙwalwa. Sai dai a nan yana tafiya ne tare da rifamfisin da aisoniyazid da sauran, da awo, ana rage shi sannu a hankali.

Ƙoƙarin sarrafa MDSC da Tireg don taƙaita jinya yana matakin bincike, ba wanda ya shiga jerin maganin da ake bayarwa. Don haka masu yawo da kwalaben "ƙara garkuwa" suna sa majinyata ajiye magani a wata na biyu ƙarya suke sayarwa. Tarin huhu wata shida ake shan maganinsa, biyu da magani huɗu, huɗu da magani biyu. Na ƙwaƙwalwa kan kai wata tara zuwa goma sha biyu.