Yadda Na Shirya Ziyara Zuwa Gidan Tarihin Wasan Tanis

A zangon da ya wuce malaminmu na dabarun koyarwa ya ba mu aiki, ya ce kowa ya zaɓi wani gidan kayan tarihi, ya rubuta yadda zai kai 'yan ajinsa can. Ni kuwa na zaɓi gidan tarihin wasan tanis na Wimbuldon, a kudu maso yammacin birnin Landan. Da na faɗa sai abokaina suka fashe da dariya, wani ya ce, "Kai da ko kuɗin mota zuwa gida sai ka ci bashi, kai ne za ka kai yara Ingila?" Ban ji haushi ba. Tun ina ƙarami a makarantar mishan ni ke tsince wa malamai ƙwallo a filin tanis, kullum kuwa ina mamakin inda wannan wasa ya fito.

Akwai kuma wani dalili. Lokacin koyarwar gwaji na taɓa kai yara talatin wani gidan kayan tarihi ban shirya kome ba. Suka shiga ta wannan ƙofa, suka fita ta waccan, cikin minti ashirin. Da muka komo na tambaye su abin da suka gani, sai wani yaro ya ce, "Malam, tukwane." Laifina ne, ba nasu ba, gama ido ba ya tsayawa a kan abin da kunne bai taɓa jin labarinsa ba.

Saboda haka a wannan shiri na sa mako biyu na farko don labari kawai, tun ba a yi zancen tafiya ba. Zan gaya wa yara cewa asalin wasan daga Faransa ne, inda a dā a ke buga ƙwallo da tafin hannu, daga baya sarakuna suka riƙa yinsa cikin manyan ɗakuna. To, me ya fito da shi waje kan ciyawa? Nan ne darasin ya ke da daɗi. Ƙwallon dā na fata ne da a ke cusa wa gashi ko tsumma, ba ya tashi in ya faɗi a ciyawa. Sai da wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano yadda za a gyara roba ta yi ƙarfi, aka ba shi takardar mallakar wannan dabara a 1844, sa'an nan aka sami ƙwallo mai tsalle. Kafin wannan kuma, a 1830, wani Bature mai suna Edwin Budding ya ƙera injin yanke ciyawa. Da roba da inji suka haɗu, sai Manjo Walter Wingfield ya fito da wasan a 1874, yana sayar da kayansa cikin akwati. Filinsa ma ba kamar namu ba ne, tsakiyarsa a tsuke ta ke kamar kalangu. Yaron da ya ji wannan, in ya ga tsohon ƙwallo cikin gilashi ba zai wuce shi ba.

Ƙungiyar Wimbuldon kuwa an kafa ta a 1868, ba don tanis ba ma, don wani wasa ne da a ke buga ƙwallon katako da guduma. A 1877 suka yi gasar tanis ta farko don su tara kuɗin gyara wani gungumen ƙarfe da doki ke ja yana daddale fili. Mutum 22 suka shiga, Spencer Gore ya ci, 'yan kallo wajen 200 suka biya sule ɗai-ɗai ranar ƙarshe. Mata sai 1884 aka ba su tasu gasar, Maud Watson ta ci. A 1922 aka tashi daga Titin Worple aka koma Titin Church, inda a ke har yanzu. Gidan tarihin kansa an buɗe shi a 1977, shekarar da gasar ta cika shekara 100.

Batun hanya ba shi da wuya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kan sauke mutum a tashar Southfields, daga nan a taka da ƙafa. Abin lura ɗaya ne: kada a sa ranar ziyara cikin makonni biyun gasa, wato ƙarshen Yuni zuwa Yuli, domin a lokacin sai mai tikitin kallo ke shiga harabar. A rubuta musu tun da wuri a gaya musu yawan yara.

Cikin gidan ba zan bar yara su bi kome da kome ba. Zan raba su huɗu-huɗu, kowane rukuni da tambaya guda a takarda. Waɗansu su nemo raket na katako, su gwada shi da na yanzu, gama da na katako Bjorn Borg ya ci gasar sau biyar a jere, daga 1976 zuwa 1980. Waɗansu su binciko dalilin da ya sa aka bar farin ƙwallo aka koma rawaya a 1986. Amsar tana wajen masu kallo a talabijin. Rukunin da na fi ƙauna shi ne wanda zai nemi sunan Althea Gibson a jerin zakaru. Ita ce baƙar fata ta farko da ta ci Wimbuldon, a 1957, ta sake ci a 1958, a zamanin da ƙungiyoyi da yawa a ƙasarta Amurka ba su yarda irinta ta taka filinsu ba. Arthur Ashe ya bi sawunta a 1975. Zan ƙara musu da cewa ɗan ƙasarmu Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a 1983.

Malam ya karanta shirin, ya ja jan layi ƙarƙashin wuri guda, ya rubuta, "In ba a sami kuɗin jirgi ba fa?" Na kwana ina tunani. Washegari na ari igiyar awo, na kai 'yan aji shida bayan makaranta, muka auna ƙafa 78 a tsaye, ƙafa 27 a faɗi, muka zuba toka a kan layi. Muka ɗaura igiya ƙafa 5 a jikin sanduna, kamar ragar 1877, muka buga. Sa'an nan muka sauke ta zuwa ƙafa 3 da rabi, yadda aka daidaita a 1882. Wata yarinya ta ce ai yanzu ƙwallo ya fi saurin wucewa ta gefe, ta tambaya ko shi ya sa aka sauke. Na ce ta rubuta tambayar, na sa ta ta zama ta farko a takardar rukuninsu.