Jirgi Ko Babur Ɗin Ruwa?

A ƙasashen Amurka da Kanada akwai tafkuna da yawa, manya da ƙanana. Lokacin sanyi waɗansunsu su kan daskare su zama ƙanƙara. Amma in zafi ya shigo, watau daga watan Yuni zuwa Agusta, sa'ad da a ke ba yara dogon hutu, sai ka ga magidanta sun kwashi iyalinsu sun nufi bakin ruwa. Waɗansu su yi iyo, waɗansu su jefa fatsa, waɗansu kuwa su yi wasan sulɓi a bisa ruwa. Ga yadda a ke yinsa: mutum ya ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafafunsa, ya riƙe igiya, jirgi mai inji ya ja shi. Wani saurayi mai suna Ralph Samuelson ne ya fara wannan wasa a 1922, a wani tafki na jihar Minnesota.

To, in maigida ya tara 'yan kuɗinsa yana so ya sayi abin hawa na ruwa domin iyalinsa, ya kan tarar da abu biyu a kasuwa. Ɗaya shi ne jirgi mai inji, ɗaya kuwa babur ɗin ruwa. Sau da yawa kuɗin ba su isa a sayi duka biyu, tilas ya zaɓi ɗaya. Bari mu duba yadda mai hankali zai yi wannan zaɓi. Mu ma muna da Kwara da Binuwai, da tafkin Kainji, da madatsar Tiga, saboda haka abin da za mu koya a nan ba na mutanen nesa kaɗai ba ne.

Jirgi

Jirgi tsohon abu ne ƙwarai a hannun ɗan Adam. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani babban icce a binne. Da masana suka tono shi sai suka ga ashe kwalekwale ne, tsawonsa mita 8 da ɗan ɗori. Suka auna shekarunsa, suka ga sun kai wajen 8,000. Duk Afirka ba a sami jirgin da ya fi shi tsufa ba. Dā da filafili da gora a ke tuƙi. Wajen 1909 wani mutum a Amurka, Ole Evinrude, ya ƙera ɗan ƙaramin injin da a ke maƙala wa a bayan jirgi, mutane suka yi ta saye. Irin wannan inji ne ku ke gani yau a bayan jiragen 'yan fito. Yana juya farfela a cikin ruwa, farfela ta tura ruwa baya, jirgi ya yi gaba.

Kun taɓa tambayar kanku abin da ya sa jirgi ba ya nutsewa, alhali kuwa ƙaramar tsakuwa ta kan nutse? Ku sami bokiti cike da ruwa, ku aza ƙwarya a kai. Za ku ga gindinta kaɗai ya shiga ruwa. Ku jefa tsakuwa a cikinta ɗai-ɗai, kuna lura. Kowace tsakuwa ta shiga, ƙwarya ta kan ƙara yin ƙasa. Dalili kuwa shi ne, duk abin da ke yawo bisa ruwa sai ya ture ruwa mai nauyi daidai da nasa. Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Ke nan in mutum mai nauyin kilo 60 ya shiga jirgi, tilas jirgin ya ƙara nutsewa har ya ture lita 60. In kuka ci gaba da jefa tsakuwa, za a kai inda bakin ƙwarya zai yi daidai da ruwa. Daga nan ko ɗan girgiza bokitin aka yi, sai ruwa ya afka ciki, ƙwarya ta yi ƙasa gaba ɗaya.

Don haka ne a Amurka doka ta tilasta a manna ɗan allo a jikin yawancin ƙananan jirage masu inji, waɗanda tsawonsu bai kai ƙafa 20 ba. A kan allon a kan rubuta yawan mutanen da jirgin zai ɗauka, da iyakar nauyin kaya. Jirgin iyali na shaƙatawa ya kan ɗauki mutum 6 ko 8, wani ma fiye.

Babur Ɗin Ruwa

Shi kuwa babur ɗin ruwa ɗan jiya ne. Wani Ba'amurke mai tseren babur, Clayton Jacobson, shi ya yi tunanin ƙera babur da zai yi gudu bisa ruwa. A 1968 kamfanin Bombardier na Kanada ya fito da irin wanda a ke zama a kai, ya sa masa suna Sea-Doo. A 1973 kuma kamfanin Kawasaki na Japan ya fito da wanda a ke tuƙawa a tsaye, mai suna Jet Ski. Na yanzu yawancinsu suna da sirdi kamar na babur, da ƙaho na tuƙi, suna ɗaukar mutum 1 zuwa 3.

Babur ɗin ruwa ba shi da farfela a waje. A ƙarƙashin cikinsa akwai wata kafa mai raga. Inji ya kan tsotso ruwa ta wannan kafa, ya feso shi da ƙarfi ta wani bututu a baya. In kuka hura balan-balan kuka sake shi ba ku ɗaure bakin ba, kun san yadda ya ke tsere, iska ta yi baya, shi ya yi gaba. To, haka babur ɗin ruwa ya ke tafiya, sai dai shi ruwa ya ke fesawa. Masu ƙarfi daga cikinsu su kan yi kilomita 100 a awa guda, watau kusan mita 28 a kowane sakan. Kafin ku ƙirga huɗu ya ratsa tsawon filin ƙwallo.

Ga wani abu da ya kamata ku riƙe da kyau. Sa'ad da mai tuƙi ya karkata ƙaho, bututun nan na baya ne ke karkata, feshin ruwa ya tura babur dama ko hagu. In ba feshi, ba juyawa. A ce sabon matuƙi yana gudu, sai ya hangi dutse ko mai iyo a gabansa. Don tsoro sai ya saki totur, ya murɗa ƙaho, kamar yadda zai yi a kan keke. Amma da ya saki totur feshi ya ragu, babur kuwa sai ya miƙe ɗoɗar zuwa ga abin da a ke gudu. Wanda ya ƙware ya san sai ya ɗan ba shi wuta sa'an nan ya juya. Wannan ya jawo haɗari mai yawa, har masu ƙera su suka sa wa na zamani dabarar da ke taimakon matuƙi a irin wannan hali. Na dā ba su da birki ma sam, sai a 2009 aka fara sa wa Sea-Doo.

Yadda Za A Zaɓa

Yanzu a ce ga maigida, da matarsa, da 'ya'ya huɗu, da kuma tsohuwa, watau kakar yaran. Sun zama mutum 7. Yara maza suna ta roƙo, "Baba, a sayi babur!" gama sun ga yadda ya ke keta ruwa yana tā da kumfa. Maigida ya san babur ya fi jirgi araha, ya fi sauƙin ajiya, ƙaramar mota ma tana iya jansa zuwa bakin tafki. Duk da haka, kafin ya sa hannu a aljihu, akwai tambayoyi huɗu da zai yi wa kansa.

Ta fari, mu nawa ne? In ya sayi babur mai sirdin mutum 3, kullum mutum 4 za su zauna a gaɓa suna kallo, suna jiran a zo kansu. Tsohuwa ba za ta hau ba, jariri ma haka. In ana so a ja wani a wasan sulɓi, a wurare da yawa doka ta ce sai an sami mai tuƙi, da mai duban wanda a ke ja, a kuma bar wurin zama domin shi wanda a ke jan. Kun ga sirdi ya cika ke nan. A jirgi kuwa duk iyali za su shiga tare, da abincinsu, da ruwan sha, da rumfa saboda rana.

Ta biyu, wa zai tuƙa? A Kanada doka ta hana duk wanda bai kai shekara 16 ba tuƙa babur ɗin ruwa, ko da babba na tare da shi. Amma yaro ɗan ƙasa da shekara 12 yana iya tuƙa jirgi mai ƙaramin inji wanda bai wuce ƙarfin doki 10 ba, in ya ci jarrabawar tuƙi. Ashe yaran nan masu roƙo, in aka sayi babur, ba su za su riƙe ƙaho ba. A jirgi ne za su koyi ɗaure igiya, da sakin anga, da karanta fuskar ruwa a gefen ubansu.

Ta uku, wane irin ruwa ne kusa da mu? Babur ba ya son ruwa mai ciyayi. In ya bi ta cikin kainuwa, ko wuri marar zurfi, sai ya tsotsi ciyawa da yashi, kafar ta toshe, ya tsaya cik a tsakiyar ruwa. Ga shi kuma yawancinsu ba su da fitila, shi ya sa jihohi da yawa na Amurka suka hana hawansu bayan faɗuwar rana. Jirgi ma yana da nasa haɗari. Farfela tana yanka kamar wuƙa, saboda haka lalle a kashe inji kafin mai iyo ya matso bayan jirgi.

Ta huɗu, me za mu yi da shi? Babur na gudu ne da nishaɗi. Jirgi kuwa a yi yawo da shi, a yi su, a ja mai sulɓi, a ɗauki baƙi, ran da bukata ta taso ma a ƙetare da marar lafiya.

In maigida ya amsa waɗannan tambayoyi tsakani da Allah, zai ga jirgi ne ya dace da gidansa. Ba wai babur ɗin ruwa mugun abu ba ne. Ga balagagge ɗaya ko biyu da suka koyi tuƙi yana da daɗi, har ma masu aikin ceto a bakin teku suna amfani da shi domin su isa wurin mai nutsewa da hanzari. Amma abin da a ke saya domin iyali, sai a auna shi da mafi ƙanƙanta da mafi tsufa a gidan.

Kada Ku Manta Da Ƙwarya

Sayen jirgi bai kawar da haɗari ba. Ku tuna da ƙwarya da tsakuwa. A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 wani jirgin fito ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai, a madatsar Watari cikin jihar Kano. An ɗora masa mutane fiye da kima, ya kife. Mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya ne, sa'o'inku. Allah ya jiƙansu da rahama. Ruwa bai san jirgin wasa da jirgin fito ba, hukuncinsa ɗaya ne a Minnesota da Bagwai.

Saboda haka, ko jirgi za ku shiga ko babur za a ɗora ku, ku sa rigar kariya, wadda ke ɗaga mutum sama in ya faɗa ruwa. Ku ɗaure ta sosai tun kuna gaɓa, gama in jirgi ya fara tangaɗi ba sauran lokacin neman riga. In kun ga jirgi ya cika har bakinsa ya kusa ruwa, ku gaya wa babban da ku ke tare da shi ku jira na baya. Sauri ya kan haifi nawa. In kun shiga ku zauna wuri ɗaya, kada ku miƙe, kada kuma ku taru a gefe guda. Matuƙin babur ya ɗaura igiyar makulli a hannunsa ko a rigarsa, domin in ya faɗi inji ya mutu nan take. Bayan wannan duka, ku roƙi iyayenku su sa wani babba da ya ƙware ya koya muku iyo a wuri marar zurfi. Hausawa sun ce, iya ruwa fid da kai.

Tambayoyi

1. A ina aka tono kwalekwalen da ya fi tsufa a Afirka? A wace shekara aka gano shi?
2. Me ya sa ƙwarya ta kan ƙara yin ƙasa in an jefa mata tsakuwa?
3. Mutum 5 sun shiga jirgi, kowane nauyinsa kilo 60. Lita nawa ta ruwa jirgin zai ƙara turewa?
4. Me ya kan faru in matuƙin babur ɗin ruwa ya saki totur sa'an nan ya murɗa ƙaho?
5. Faɗi tambayoyi huɗu da maigida zai yi wa kansa kafin ya zaɓa.
6. Rubuta jimla biyar a kan abin da za ka yi in aka ce ka shiga jirgin da ya cika maƙil.