Yadda Na'ura Take Gano Hoto a Cikin Folda

Yau da wuya ka shiga gida a Sakkwato ba ka tarar da waya cike da hotuna da karatun malamai ba, amma kaɗan ne suka san mai tsaronsu. Sunansa kanel, watau cibiyar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Na wayoyin Android ana ce masa Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta shi a 1991, bisa tsarin Unix wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a Amurka a 1969.

Abin nan da muke kira folda ba akwati ba ne. Rajista ce kurum, irin wadda mai neman littafi zai fara tambaya in ya je ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu: ga suna, ga lambar da za ta kai ka inda abin yake. A Unix na 1979 suna ba ya wuce harafi 14. In ka taɓa hoto, manhajarka ba ta da ikon kutsawa ma'aji da kanta. Sai ta yi wa kanel sallama, shi kuwa ya duba ko tana da izni, ya bi rajista ɗaya bayan ɗaya tun daga tushe, sa'an nan ya miƙo.

To, ga abin mamaki. Kanel ɗin nan da ke buɗe wa kowa, masu rubuta shi ba su son a sa shi ya buɗe fayil ko folda don buƙatar kansa. Ɗaya daga cikinsu, Greg Kroah-Hartman, ya yi rubutu a kan haka a 2005. Kowace manhaja tana da nata iznin da nata tushen, in kanel ya shiga da kansa, da sunan wa ya shiga? Kuma yakan kulle rajista lokacin da yake aiki a kanta. In ya koma neman wadda ya riga ya kulle, sai ya tsaya jiran kansa, na'ura ta sandare. A ganina wannan dalili ya fi ƙarfi, gama kuskuren manhaja ita kaɗai yake kayarwa, na kanel kuwa kowa ya shafa. Saboda haka akan sa wata 'yar manhaja ta karanto daga waje ta kawo masa.

Iyaye mata, ku saurari wannan. A katin memori mai tsarin FAT, in an goge hoto, harafin farko na sunansa ake musanyawa da wata alama, a ce wurinsa ya zama fili. Hoton yana nan daram sai ran da aka rubuta wani a kansa. Shi ya sa mai gyaran waya kan iya dawo da hotunan biki da suka salwanta. Wanda ya sayi tsohon katinki ma zai iya.