FARAR ƘASAR GINI: YADDA AKE YAƁE BANGO DA ITA

Ƴan'uwa mazauna karkara, damina tana ciyar da mu, amma tana cin gidajenmu. A shekarar 2024 ruwan sama ya rushe gidajen ƙasa masu ɗimbin yawa a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Har tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara 150, ya faɗi a watan Satumba. Shi ya sa kowane maigida yake neman abin da zai kare bangonsa.

Da yawa suna rugawa wajen siminti. Mutum ya sayar da rago, ya sayi buhu, ya yaɓe ɗakin ƙasa. Shekarar farko sai sam barka. Bayan damina biyu ko uku, ka ƙwanƙwasa bangon, ka ji yana amsawa kamar ganga. Wata rana yaɓen ya ɓanɓare, ya faɗo gaba ɗaya.

Me ya kawo haka? Ƙasa tana kumbura in ta sha laima, tana tsukewa in ta bushe. Siminti kuwa ba ya motsi, don haka sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. Yana nan a ɓoye yana jiƙa bango, maigida bai sani ba.

Akwai abin da ya fi dacewa da ginin ƙasa, shi ne farar ƙasar gini.

WACE IRIN FARAR ƘASA?

Kun san farar ƙasar da ake shafa wa ɗaki lokacin salla ko biki. Wannan iska ce ke ƙarfafa ta, a hankali ƙwarai. Wadda muke magana a kanta ƴar'uwarta ce, amma ita ruwa ne yake sa ta kama, kamar siminti. Daga baya iska ta ƙara mata ƙarfi wata da watanni.

Daga farin dutse ake yin ta, irin wanda yake da ƴar laka a cikinsa. A ƙasarmu akwai farin dutse a Adar. Shi ne ake haƙowa a Malbaza ana yin siminti tun shekarun 1960. Bambancin yana wajen gashi. Siminti yana son wuta kamar digiri 1450. Farar ƙasar gini ba ta kai nan ba, tsakanin 900 da 1200 ne. Shi ya sa ba ta kai siminti tauri ba, kuma nan amfaninta yake. Tana barin laima ta fita, kamar yadda tulun ƙasa yake gumi. Siminti kuwa kamar jarkar roba yake.

Kakanninmu ba baƙin wannan aiki ba ne. Marina suna kwashe katsi daga gindin karofi, a shanya, a ƙona, a daka. A haɗa shi da gashin jima da ruwan dafara, ya zama laso. Da laso ake shafe karofi da rufin soro, ruwa bai wuce ba. Ku tambayi tsofaffin magina na garinku, za ku sha labari.

KARANTA BUHU KAFIN KA BIYA

Ga inda karatunka zai yi maka rana. In ka je kanti a birni, dubi jikin buhun. Da faransanci an rubuta "chaux hydraulique". Za ka ga baƙaƙe uku, NHL, da lamba a gabansu: 2, ko 3,5 (uku da rabi), ko 5. Lamba 2 ita ce mai taushi, ita ta fi dacewa da bangon ƙasa. Lamba 3,5 ta ɗora dutse ce da jan bulo. Lamba 5 ta gindin gini ce da wurin da ruwa ke yawan taɓawa. Kada ka ce babbar lamba ta fi kyau. Bango mai taushi, yaɓe mai taushi yake so.

Taɓa buhun. In ka ji dunƙule mai tauri, ya sha laima, bar musu kayansu. A gida ka ɗora shi bisa itace, kada ya taɓa ƙasa.

YASHI DA KWAƁI

Rabin aikin yashi ne. Nemo na gulbi ko na ƙorama, mai kaushi. Rairayin tudu ya yi laushi da yawa, yaɓensa tsagewa yake. Zuba yashin cikin kwalba, ƙara ruwa, girgiza, ka ajiye. In laka mai kauri ta kwanta a samansa, sai an wanke shi.

A auna da kwano ɗaya, kada a canza: kwano 1 na farar ƙasa, kwano 3 na yashi. A gauraya su a bushe har launinsu ya zama ɗaya. Sannan a riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa, kamar minti 15. Kada a yi gaggawar ƙara ruwa, juyawa ce take sa shi laushi. Kwaɓin da ya yi daidai yana manne wa cokalin gini, ba ya zuba kamar kunu. A kwaɓa wanda za a gama da shi cikin awa 2 kawai.

YAƁE

Sabon bango a bar shi ya bushe sarai tukuna. A karce fuskarsa da ƙarfe don yaɓe ya sami abin riƙewa, a share ƙura, a yayyafa ruwa. Busasshen bango yana shanye ruwan kwaɓi tun bai kama ba.

Yaɓen farko mai ruwa-ruwa ne, kwano 1 da yashi 2. Watsa shi ake yi, kaurin rabin santimita, ba a goge shi. A jira kwana 2. Na biyu, 1 da 3, kaurin santimita 1. A jira kwana 7. Na ƙarshe siriri ne, a ɗan ƙara masa yashi.

To, ga wurin da yawancin mutane suke ɓata aikinsu. Sun ga yaɓe ya yi fari, sun ce ya bushe, shi ke nan. Bushewa daban, kamawa daban. Yaɓen da rana ta busar cikin yini ɗaya bai kama ba, ka murza shi da yatsa ya zube kamar gari. Dole a rufe bango da zana ko jiƙaƙƙun buhuna, a yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Ƙauyen da rijiyarsa take da zurfi, a tanadi ruwan nan tun ba a buɗe buhu ba. Kada a yi aikin da zafin bazara, ko ranar da iskar hunturu take kaɗawa. Bayan kaka ya fi, da sassafe, a fara da gefen da yake cikin inuwa.

Yaɓe ba ya hana a gyara indararo. In ruwan rufi yana bin bango, ko yana kwanciya a gindinsa, ba farar ƙasa ba siminti, duk faɗuwa za su yi. Kuma ginshiƙi mai ƙarfe a ciki da kwalbatin rijiya aikin siminti ne, a bar masa.

KU YI HATTARA

Farar ƙasa tana cin fata. A sa safar hannu da takalmi, a kori yara daga wurin kwaɓi. In ta faɗa a ido, kada a murza. A yi ta wankewa da ruwa mai tsabta kamar minti 20, sannan a tafi gidan likita.

LISSAFI

Ku yi wannan tare da malaminku a cibiya. Wani magini yana da kwano 12 na farar ƙasa. Ya yi yaɓen farko da kwano 4, sauran kuma ya yi na biyu da su. Kwano nawa na yashi zai ɗebo daga gulbi?