Man Tsirrai da Rigakafin Annobar Kaji

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya san matsayin kaza a gida. Ita ce asusun uwar gida. In yaro ya dawo ya ce an ce ya kawo kuɗin littafi, ko baƙo ya sauka ba zato, ko sabulu ya ƙare, akurki ake dubawa. Tun da satar shanu ta addabi ƙauyukanmu kuwa, gidaje da yawa ba su da wata dabba da ta rage musu sai kaji da 'yan awaki. To, amma kowace shekara da zarar iskar hunturu ta kaɗa, sai annoba ta shigo ta share akurki cikin mako guda. A 'yan shekarun nan na sha jin ana cewa in an ɗiga wa kaji man habbatus sauda ko man darbejiya ko man tafarnuwa a ruwan sha, ba sai an yi musu rigakafi ba. Wannan magana ce nake so mu duba a tsanake, domin akwai gaskiya a gefenta, akwai kuma asara a tsakiyarta.

Da farko sai mu san abokin gaba. Annobar nan da ke sa kaza zawo kore-kore, da numfashi da ƙyar, da murɗewar wuya har ta riƙa juyi kamar mai hajijiya, Turawa suna kiranta cutar Niyukasil. An fara gane ta a shekarar 1926 a tsibirin Jawa na ƙasar Indonesiya da kuma garin Niyukasil na ƙasar Ingila, inda ta samo sunanta. A Nijeriya an tabbatar da ita a Ibadan cikin 1952. In mai zafin ta shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba, takan kashe kusan duka. Ta biyu ita ce Gumboro, sunan wani ƙauye ne a Amurka inda aka bayyana ta a 1962. Ita 'yan tsaki take kamawa, galibi masu mako 3 zuwa 6, kuma muguntarta ita ce takan lalata wata 'yar jaka da ke kusa da duburar ɗan tsako, wadda a cikinta ne dakarun jikinsa ke samun horo. Ɗan tsakon da ya tsira daga Gumboro sau da yawa ko an yi masa rigakafin wata cuta ba ya kamawa sosai.

Dukansu biyu ƙwayar cutar da ake kira bairas ke kawo su. Bairas ba ta rayuwa da kanta, sai ta shiga cikin ƙwayoyin halittar jikin kaza ta mai da su masana'antar haihuwar 'ya'yanta. Saboda haka kafson nan da ake saye a kasuwa ana farkewa a zuba wa kaji a ruwa ba ya taɓa ta ko kaɗan, don an yi shi ne domin wata ƙwayar daban, watau bakteriya. Abin da ke iya kashe bairas a jikin kaza shi ne garkuwar jikin kazar kanta, in ta riga ta san fuskar maharin. Aikin rigakafi ke nan: a nuna wa jiki ƙwayar cutar da aka raunana ko aka kashe, jiki ya ƙera makaman da suka dace da ita, ya ajiye. Wannan shiri yakan ɗauki kamar mako biyu kafin ya kammala. Shi ya sa wanda ya jira sai kajin maƙwabcinsa sun fara mutuwa sa'an nan ya nemi malamin dabbobi, ya makara.

To, ina mai ya shigo? Abin mamaki, ya daɗe a cikin wannan sana'a. A shekarar 1925 wani likitan dabbobi Bafaranshe mai suna Gaston Ramon ya lura cewa dawakin da wurin allurarsu ya kumbura sun fi sauran samar da makaman jiki. Sai ya shiga gauraya allurar da abubuwa iri-iri, har da garin rogo da ɓarɓashin burodi, ya ga lalle suna ƙara mata ƙarfi. Daga nan aka gane cewa rigakafi yana son mataimaki. A yau allurar Niyukasil ta matacciyar ƙwaya, wadda ake yi wa kajin ƙwai na gidan gona kafin su fara saka, a cikin mai take. In ka ga kwalbar, fara ce kamar madara. An daddatsa ruwan maganin ya zama 'yan mitsi-mitsin ɗigo, kowane ɗigo mai ya lulluɓe shi. Idan aka yi allurar, man yakan riƙe maganin a wurin yana sakinsa kaɗan-kaɗan, yana kuma jawo dakarun jiki su taru. Kamar malamin da ke maimaita darasi kullum ne, maimakon ya faɗa sau ɗaya ya fita. Garkuwar da ake samu ta haka takan yi watanni.

Man da aka fi amfani da shi wani farin mai ne tatacce da ake samu daga man fetur. Yana aiki ƙwarai, amma jiki ba ya iya narkar da shi, don haka yakan bar kumburi a cikin nama, kuma in mai allurar ya soki yatsarsa bisa kuskure sai an kai shi asibiti da gaggawa. Wannan ne ya sa masana suka juya ga man tsirrai. Cikin shekarun 1960 kamfanin Merck na Amurka ya gwada wani mataimakin rigakafin mura na mutane wanda mafi yawansa man gyaɗa ne, i, man gyaɗan nan da iyayenmu mata ke matsewa. Cikin shekarun 1990 kuma wani masani mai suna Henry Stone, na ma'aikatar gona ta Amurka, ya gwada man tsirrai da na dabbobi a allurar Niyukasil. Matsalar man tsirrai ita ce alherinsa: jiki yana narkar da shi da wuri, kumburi ya ragu, amma maganin ma ba ya daɗewa a wurin yana koyarwa.

Gwajin da ya fi burge ni na nan Afirka ne. A Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine da ke Tanzaniya, Farfesa Philemon Wambura ya shafe shinkafa da man girki, sa'an nan ya zuba mata rigakafin Niyukasil mai rai, ya ba kaji suka tsattsaga, suka kuwa sami garkuwa. Wanda ya taɓa bin kajin ƙauye da ke kwana a kan bishiya yana son kama su ɗaya-ɗaya, shi zai san darajar wannan dabara.

Sai dai ku lura da kyau: a duk misalan nan mai ɗan rakiya ne, rigakafin shi ne ango. Ba inda man ya tafi shi kaɗai.

Akwai wani rukunin mai daban, watau mai masu ƙamshi da kaifi da ake tatsowa daga ganye ko ƙwaya, irin su na'ana'a da turare da tafarnuwa da habbatus sauda. Sha'awarsu ta ƙaru ne bayan da ƙasashen Tarayyar Turai suka hana zuba magungunan kashe bakteriya a abincin dabbobi don ƙiba, daga farkon 2006. Masu gidajen gona suka shiga neman madadi. An yi gwaje-gwaje masu yawa a ƙasashe daban-daban: a raba kaji gida biyu, duka a yi musu rigakafi, kashi ɗaya a sa musu ɗan man a abinci, daga baya a ɗebi jini a auna makaman da jiki ya ƙera. A wasu gwaje-gwajen masu cin man sun fi, a wasu kuma ba a ga bambanci ba, ya danganta da irin man da yawansa da lafiyar kajin. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, irin wannan mai yana iya gyara hanji ya ƙara wa kaza kuzarin karɓar darasi, amma ba shi da hoton maharin da zai nuna wa jiki. Kazar da ta sha man habbatus sauda wata uku ba rigakafi, ranar da Niyukasil ta zo baƙuwa ce a wurinta. Haka ma jiƙon ɓawon maɗaci da barkono da kakanninmu ke ba kaji. Ba na raina su, amma kowa shaida ne ana ba su kuma kajin suna mutuwa.

Ga wani haɗari da ba a cika faɗa ba. Ƙwayar Niyukasil tana sanye da riga ta kitse, kuma in rigar ta yage ƙwayar ta mutu. Zafin rana yana yaga ta, sabulu da omo suna yaga ta, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo yana lalata ta, kuma mai masu kaifin nan suna iya yi mata lahani. Rigakafin LaSota da ake zubawa a ruwan sha ƙwaya ce mai rai, sai da ranta take aiki. Wanda ya ɗiga man darbejiya ko na tafarnuwa a cikin ruwan rigakafin don ya ƙara masa ƙarfi, mai yiwuwa ne kashe shi ya yi, ya ba kajinsa ruwan banza, ya kuma kwanta da zaton sun tsira. Ranar rigakafi a wanke mazubi da ruwa zalla, a hana kajin ruwa kamar awa ɗaya ko biyu don su ji ƙishi, a yi da sassafe a inuwa, su shanye cikin awa biyu. In za a ba su wani mai, a bari sai bayan kwana biyu.

Inda man tsirrai ke da amfani mara shakka shi ne a abinci. Ɗan manja a dusa yana ba kaza abin da jikinta ke mayarwa bitamin A, wanda ke kiyaye fatar cikin maƙogwaro da hanji, ƙofofin da cutar ke shiga. Gyaɗa da waken soya da riɗi suna ba ta mai da abin gina jiki, kuma makaman garkuwa da abin gina jiki ake ƙera su. Amma a kula. Man da ya daɗe ya yi ɗoyi yana lalata bitamin. Anguryar da muke da ita da yawa a wannan yanki na auduga tana da wani dafi da shanu ke jurewa amma kaji ba sa jurewa, har yakan ɓata launin gwaiduwa. Mafi muni shi ne ƙuli-ƙuli ko masarar da ta yi funfuna. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa mai funfuna da aka kawo daga Birazil, daga nan ne aka gano dafin da ake kira afalatoksin. Ko kaɗan ne a abinci yana raunana garkuwar kaza har rigakafi ya ƙi kamawa. Mu kuwa al'adarmu ce in hatsi ya lalace a rumbu mu ce a ba kaji.

Na san za a ce rigakafi yana son firiji, ƙauyukanmu kuwa ba wuta, ga hanyoyi ba tsaro. Gaskiya ne LaSota sai an ajiye ta cikin sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Amma akwai wani iri mai suna I-2 da aka samar a Jami'ar Kwinslan ta ƙasar Ostareliya musamman domin kajin ƙauye, wanda ya fi jure zafi, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana yin sa. Jure zafi ba ya nufin a bar shi a rana: a naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen ƙyalle a ɗauko ta a inuwa. Ɗigo ɗaya ake sa wa kowace kaza a ido, babba da ƙarama, a maimaita bayan wata huɗu, kuma lafiyayyu kaɗai ake yi wa. Kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, saboda haka gidajen unguwa sai su haɗa kuɗi su saya ta hannun malamin dabbobi, a yi rana ɗaya da safe kafin a buɗe akurki. Wannan aiki ne da mu 'yan makaranta za mu iya koya mu yi a ranar Asabar. Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Oktoba, ana cikin kaka, kafin iska ta juyo. Kazar da aka sayo daga kasuwar Sheme ko ta Ƙanƙara kuwa, ko wadda aka kawo gudummawar biki, a ɗaure ta a gefe mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.