Katin allurar korona zai isa zuwa Umara?

Wani ɗan'uwa mai harkar albasa a Ojoo, Ibadan, ya aiko yana cewa an yi masa allurar korona a 2021, katin ma na nan a ajiye. To ko wannan kati ya isa ya hau jirgi daga Legas zuwa Umara?

Malam, na ji daɗin tambayar nan, domin da yawa suna haɗa kati biyu wuri ɗaya. Katin korona daban, katin rigakafi mai ruwan ɗorawa daban, kuma ɗaya ba ya tsayawa a madadin ɗaya.

Sharaɗin korona annoba ce ta kawo shi. Ka tuna a 2020 da 2021 ba wanda ya tashi daga Najeriya zuwa Hajji. A 2021 mutum 60,000 kaɗai aka bari, dukkansu mazauna Saudiyya da aka yi wa allura. A 2022 aka buɗe wa mutum miliyan 1, bisa sharaɗin allura, da gwajin da ya nuna ba ka ɗauke da cutar, da ƙayyade shekaru zuwa 65. Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya, kuma yawancin ƙasashe sun daina tambayar wannan kati.

Mai ruwan ɗorawar kuwa ya girmi korona da nisa. Shi ne shaidar allurar zazzaɓin shawara, cutar da sauro ke yaɗawa, kuma Saudiyya na nemansa daga matafiyan Najeriya. Sau ɗaya ake yinta, ta isar maka har tsawon rai. Tun 2016 aka daina sabunta ta duk shekara 10. Sai dai shaidar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda jiki na buƙatar lokaci kafin ya samu kariya. Allurar sanƙarau ma dole ce ga mai Hajji da Umara, ita ma a ƙalla kwana 10 kafin isa.

Ina roƙonka kada ka sayi kati a hannun 'yan baranda ba tare da allura ba. A cikin cunkoson ɗawafi, allurar sanƙarau ce za ta kare ka da iyalinka in ka dawo.

Ka riƙe katin koronar cikin fasfo, musamman in shekarunka sun ja, sannan ka tuntuɓi hukumar alhazai ta Jihar Oyo ko kamfanin da ya yanka maka tikiti, don Saudiyya kan sabunta ƙa'idojinta kowace shekara. Allah ya sa a je lafiya.