Bin Salsalar Gida Ta Hanyar Takardun En'e: Nazari A Kan Ƙasar Babura Da Kazaure

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yawancinmu ɗalibai muna iya jero sarakunan Kano tun daga Bagauda, amma in aka tambaye mu sunan kakan kakanmu sai mu yi tsuru-tsuru. Abin kuwa ba ƙarami ba ne, domin rigimar gona da rabon gado da neman sarautar gari duk kan asali suke komawa, kuma duk dattijon da ya kwanta dama yakan tafi da wani yanki na labarin. Manufar wannan maƙala ita ce nuna irin takardun da mai bin salsalar gidansu zai nema a ƙasar Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, da inda zai same su, da kuma yadda zai auna abin da ya karanta.

2.0 Sanin Ƙasa Kafin Neman Takarda

Takarda tana bin mulki ne, saboda haka tilas mai bincike ya fara sanin wanda ya mallaki garinsu a kowane zamani. Turawa sun ci Kano a 1903, suka sa ƙasar Kano da ta Kazaure cikin Lardin Kano, amma kowace da En'e tata da baitulmalinta. Kazaure masarauta ce mai cin gashin kanta tun wajen 1819, zamanin Ɗantunku, kuma Roni da Gwiwa a ƙarƙashinta suke. Babura kuwa ƙasar Kano ce, ba ta fita ba sai a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka kuma kafa masarautar Ringim. Don haka mutumin Babura da ke neman takardun kakansa na zamanin Turawa, cikin takardun En'en Kano zai duba, na Roni kuwa cikin na Kazaure, ko da gonakinsu ba su da nisa da juna.

Akwai kuma iyaka. Babura tana maƙwabtaka da ƙasar Damagaram, kuma yarjeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 sun raba dangi biyu. Gidan da reshensa ya faɗa wajen Magarya, sai an nemi labarinsa cikin takardun Faransanci.

3.0 Ire-iren Takardu

3.1 Takardun Haraji Da Jangali

Kowace shekara malamin haraji yakan bi dagatai da masu unguwa yana rubuta masu gida da baligan mazan da ke ƙarƙashinsu. Wannan jeri yakan nuna unguwar mutum da ƙannensa da 'ya'yansa da suka isa biya, wani lokaci har da sana'arsa. In suna ya ɓace daga jerin wata shekara, to ko dai mai shi ya rasu ko ya yi ƙaura. Na jangali kuma shi ne madogarar mai bin asalin Fulanin rugage. Sai dai a tuna gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano a 1979, daga nan wannan rijiya ta ƙafe.

3.2 Littattafan Alƙalai

Babu takardar da ta kai ta rabon gado amfani ga mai wannan aiki, domin shari'a ba ta raba dukiya sai an lissafa magada duka: mata da 'ya'ya maza da mata da iyaye. A nan ne sunayen mata suke fitowa, waɗanda jerin haraji ya tsallake. Haka kuma shari'o'in aure da na iyakar gona sukan ambaci shaidu da maƙwabta. Da Larabci muhuti yake rubuta tsofaffin littattafan, don haka wanda bai iya ba sai ya nemi malami ya karanta masa.

3.3 Rahotannin Di'o-Di'o

Kafin a yanka wa gunduma haraji, Di'o yakan zagaya ta ya rubuta rahoto a kan garuruwanta da ƙabilunta da kasuwanninta, da tarihin kafuwar kowane gari kamar yadda dagaci ya faɗa masa. Ba safai talaka yake samun sunan kakansa a ciki ba, amma zai ga daga ina mutanen garinsu suka taso, da jerin waɗanda suka riƙe garin.

3.4 Takardun Cikin Gida

Kada a raina adakar tsohuwa da gafakar malam. Malamai da yawa sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a gefen littafi. Rasit ɗin haraji da fasfon aikin Hajji da takardar sallama daga soja da rajistar makarantar elementare duk shaidu ne. Rajistar haihuwa ta hukuma ba ta da zurfi a karkara, tun da dokar da ta wajabta ta a ƙasa baki ɗaya ta 1992 ce.

4.0 Inda Ake Samun Su

Rahotannin Turawa na Lardin Kano suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, a rukunin da ake kira KANOPROF, wasu kuma cikin takardun Sakatariyar Lardunan Arewa. A Kaduna ɗin dai akwai Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970. A Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha. Amma kafin a hau mota, a fara da gida: mai unguwa, dagaci, ofishin hakimi, magatakardan kotu, sannan fadar sarki. Kowannensu yakan fi sakin jiki da wanda ya zo da ladabi da takardar gabatarwa daga sashensu.

5.0 Matsaloli

Ta farko ita ce ta suna. Bahaushe ba ya gadon suna ɗaya kaka da kakanni, kuma mutum guda yakan fito da fuska uku: Abubakar a littafin alƙali, Garba a jerin haraji, Ɗanjuma a bakin jikokinsa. Haka Abdullahi yakan zama Audu, Usman ya zama Shehu. Ga kuma alkunya, wadda takan sa mace ta rayu ta mutu jikoki ba su taɓa jin sunanta na yanka ba. Saboda haka ba a yanke hukunci da suna kaɗai, sai sunan uba da unguwa da sana'a sun dace.

Ta biyu ita ce ta shekara. Alƙalai da hijira suke lissafi. Hanya mai sauƙi ita ce a ninka shekarar hijira da 0.97 a ƙara 622: misali 1331 za ta ba da 1913. Dattawa kuwa da aukuwa suke ƙirga, kamar yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yar Gusau ta wajen 1942, da canjin hannu na 1972, da canjin kuɗi na 1973.

Ta uku ita ce takarda ma takan yi ƙarya. Mai gida yakan ɓoye ɗansa don gudun haraji, makiyayi yakan rage shanu, dagaci kuma yakan gaya wa Bature tarihin da zai ƙarfafa gidansa a kan na abokan takararsa. Maganin wannan shi ne a gwama rubutu da maganar baka, a ji daga ɓangare fiye da ɗaya, musamman tsofaffin mata da maroƙa, waɗanda su ne rumbun nasaba.

Ta huɗu ta fi nauyi. Ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai a 1936, kuma littattafan alƙalai cike suke da shari'o'in fansa da 'yantarwa. Mai tono yana iya cin karo da abin da zai ɓata aure ko ya tozarta maƙwabci. Hakkin ɗalibi ne ya rubuta gaskiyar abin da ya gani, amma ba shi da izinin yaɗa asirin gidan wani.

6.0 Kammalawa

An ga cewa bin salsala aiki ne mai matakai: a san mulkin da gari ya zauna ƙarƙashinsa, a fara da dattawa, a bi da takardun haraji da na gado, sannan a auna kowace shaida da 'yar'uwarta. Gara da ɗigon ruwa ba sa jiran kowa, haka ma ajali. Shawararmu ga 'yan'uwa ɗalibai na wannan yanki ita ce kowa ya yi amfani da hutu mai zuwa ya ɗauki maganar dattijo ɗaya, ya kwafi takarda ɗaya, ya kawo wa sashe a adana. Da haka ne tarihin talakawan Babura da Kazaure zai sami gurbi kusa da na sarakunansu.